In Kwamfutar Ƙungiya Ta Yi Kuka Da Safe

Ga kaka ta yi, masara da dawa da auduga sun shigo gida, lokacin biyan bashin taki kuma ya zo. Daga Funtuwa da Bakori har Ƙafur da Malumfashi, ƙungiyar da ta zuba lissafinta cikin tsohuwar kwamfutar tebur takan shiga damuwa ran da na'urar ta ƙi tashi. In lissafi ya ɓace, gardama takan shiga tsakanin 'yan'uwa. Amma sau da yawa ciwon ƙarami ne, ƙurar hunturu ce ta kawo shi.

Duk sa'ad da aka kunna kwamfuta, takan fara duba jikinta tukuna. In ta iske kome lafiya, yawancinsu sukan yi ƙara guda ɗaya gajere. In ta yi fiye da haka, ƙorafi ne take yi. Sai mu kasa kunne mu ƙidaya, mu rubuta a takarda: dogo nawa, gajere nawa. Ma'anar takan bambanta bisa ga kamfanin da ya ƙera ta, amma ga waɗanda aka fi ji.

1. Ƙara mai maimaituwa, fuskar kwamfuta kuma baƙa ƙirin. Galibi ɗan siririn allon nan da ake kira RAM ne ya saki ko ya yi datti. A kashe, a zare waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Sa'an nan a buɗe maƙalan gefe biyu, a ciro shi, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar har ya kama sosai.

2. Dogo ɗaya, gajeru biyu. A na'urori da yawa wannan yana nufin sashen da ke aika hoto zuwa fuska. In katinsa mai fita ne, a ciro a sāke zaunar da shi.

3. Ƙara da sauri ba tsayawa. A dubi kibod. Wataƙila littafin rasit ne ya danne maɓalli, ko ƙwayar dawa ta maƙale a ƙarƙashi. A kifa shi a kakkaɓe, a share da busasshen buroshi.

In kibod ya ƙi rubutu, a danna Num Lock. In 'yar fitilarsa ba ta kama ba, a bi wayar. Tsohon kibod mai zagayayyen kai yana da allurai 6, raminsa shuɗi ne mai ruwan makuba, koren kuwa na linzami ne. Kada a cusa shi kwamfuta tana kunne, kada kuma a tura da ƙarfi, gama allura takan lanƙwashe. A ari na maƙwabci a gwada kafin a sayi sabo.

In kowace safiya tana neman a danna F1, kwanan wata kuma ya koma baya, batirin ciki ne ya mutu. Kamar kwabo yake, lambarsa CR2032, masu gyaran agogo sukan sayar.

Gargaɗi ɗaya: akwatin wuta da ke baya, mai fanka, kada kowa ya buɗe shi, gama yakan riƙe wuta ko bayan an kashe. In an ji ƙauri, a kashe nan da nan a kai wa mai gyara, tare da takardar ƙidayar nan.

Rigakafi ya fi magani. A lulluɓe na'urar da zane in an gama aiki, a nisanta ta da buhunan hatsi. Magatakarda ya riƙa kwafe lissafi cikin filashi kowace Asabar, ma'aji kuma kada ya daina rubutawa a babban littafi. Kuɗin 'yan'uwa amana ne a hannunmu. Ubangiji ya sa albarka ga amfanin gonarku.