Wasan Haɗa Hotuna Don Yaran da Ba Su Sami Aji Ba

Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, an yi fatan kowane yaro a Sabon Birni da Isa zai sami gurbi a aji. Amma tun daga 2019 ta'asar 'yan bindiga ta watsa ƙauyuka da dama, wasu iyalai suka ƙetara Maraɗi, yara suka tashi ba su taɓa riƙe littafi ba.

Ga irin waɗannan yara, kwali guda ya isa. A yanka shi gida 12 daidai wa daida, a zana abu shida da tawadar allo, kowanne sau biyu: jaki, doki, raƙumi, tulu, damin gero da fartanya. Tilas bayansu ya zama iri ɗaya, domin yaro mai wayo zai haddace tambarin kwalin. Sai a kife su bisa tabarma, yaro ya buɗe biyu. In sun dace ya ci, in sun saɓa ya mayar, ɗan'uwansa ya gwada.

 In wasan ya zauna, sai a rubuta harafin farko ƙarƙashin kowane hoto.