Manhajar da ke ba kowane ɗalibin ƙididdiga nasa lissafin daban

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilimin ƙididdiga ga 'yan ajin farko a jami'a ya san wannan matsalar. Ɗalibai sun cika ɗaki maƙil, duba aikinsu kuwa sai ya ɗauki makonni. Kafin takarda ta koma hannun mai ita, an riga an wuce darasin. Wasu ma kwafar amsar abokansu kawai suke yi.

Wannan na cikin abin da ya ja jami'o'i da dama zuwa ga manhajar STACK, wadda Chris Sangwin, malamin lissafi a Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya, ya ƙirƙiro. Kyauta ce, kuma tana aiki a cikin dandalin karatu na Moodle. Jami'ar Maseno ta Kenya na cikin waɗanda suka ɗauke ta saboda yawan ɗalibai.

Ba irin jarrabawar JAMB ba ce, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, inda ake zaɓar A ko B ko C ko D. A nan ɗalibi ne zai rubuta amsarsa, kuma kowa da alƙaluman da manhajar ta ba shi. Amsar na kusa da kai ba za ta yi maka amfani ba.

Inda ta fi burgewa shi ne gano kuskure. Misali, wajen auna yadda alƙaluman samfurin mutum 20 suka warwatsu, da 19 ake rabawa, amma ɗalibai kan raba da 20. Idan malami ya shirya tambayar da kyau, manhajar za ta gane wannan kuskuren, ta nuna wa ɗalibi nan take, ta ba shi wani kaso na maki, sannan ya sake gwadawa da sababbin alƙaluma.

Sai dai ƙididdiga ba lissafi kaɗai ba ce. Ɗalibi na iya samun lambar daidai, ya kasa faɗin abin da take nufi ga manomi ko likita, ko ya kasa lura cewa tun farko an zaɓi samfurin ba daidai ba. Irin wannan bayanin har yanzu sai malami ya zauna ya karanta da kansa.

Rubuta tambaya ɗaya mai kyau ma yana cin lokaci, ga kuɗin data da matsalar wuta, waɗanda a kan ɗalibi suke faɗawa.