Ganin Ɗaki: Daga Jirgin Ruwa Zuwa Ɗakin Amarya

A cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda masu hali na Turai da Amurka ke shiga su yi mako guda ko biyu a kan teku don hutu kawai, akwai wata al'ada da fasinjoji suka ƙago wa kansu. Ranar da jirgi ba zai tsaya a kowace tasha ba, sai wasu daga cikinsu su taru, a rubuta lambar ɗakin duk wanda ya yarda a shiga nasa, sa'an nan a ɗunguma ana bi hawa-hawa, ɗaki bayan ɗaki, ana kallo. Mai ɗaki ya tsaya bakin ƙofa yana yi wa mutane maraba, wani ma har ya tanadi alewa ko abin sha. A duba gado, a leƙa makewayi, a buɗe ƙofar baranda a sha iska, a yi gaba. Sunan da suka ba abin a harshensu ma'anarsa rarrafe daga ɗaki zuwa ɗaki.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Ɗauki jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga birnin Mayami na Amurka a watan Janairu na 2024. Yana da ɗakunan fasinja fiye da 2,800, iri 28, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Akwai ɗan ƙuƙut ɗin da ko taga ba shi da ita, akwai kuma mai hawa uku kamar gidan bene. To, wanda ya biya kuɗin ƙaramin yana so ya ga abin da mai babban ya saya, don in Allah ya kai shi baɗi ya san inda zai sa kuɗinsa. A nan kuma ake sabo, har a rabu ana musayar adireshi.

Kakanninmu ma sun shiga jirgin ruwa, amma ba irin wannan shiga ba. Waɗanda suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda don sauke farali, mafi yawansu a fili suka shimfiɗa tabarma, kowa ya yi matashi da ƙunshinsa. Haka ma babur ɗin da ke tashi daga Kosti zuwa Juba (mu a nan babur jirgin ruwa ne, 'yan'uwanmu na Kano su yi haƙuri), gamra ta ma'aikatan hukuma ce da manyan 'yan kasuwa, talaka kuwa yana can cikin sandal ɗin da aka ɗaura a gefe, shi da buhuna da awaki. Babu ɗakin da zai gayyaci wani ya gani.

Amma fa ita al'adar kanta ba baƙuwarmu ba ce. Ka ba kowace tsohuwa a Maiwurno ko Suki ko unguwannin Hausawa na Madani wannan labari, za ta yi dariya ta ce maka ai wannan ganin ɗaki ne, kuma Turawa sun makara.

Ga yadda abin yake, don amfanin samarin da suka tashi a Khartum ba su san komai ba sai zauren biki na haya. Kafin a kai amarya, gwaggwanninta da yayyenta da ƙawayen uwarta sukan tafi gidan ango su yi jere. Watau su share ɗaki, su shafe shi, su kafa gado, su jera kwanoni da tasoshi bisa tsari, babba a ƙasa ƙarami a sama, har su kusa taɓa rufi. Aiki ne na yini guda, kuma akwai matan da aka sani da gwaninta a kai, har daga wani ƙauye akan aika a ɗauko su. Bayan amarya ta tare sai a shiga zuwa ganin ɗaki. Dangin ango su zo, maƙwabta su zo, matan ƙauyukan kusa su hau lori ko amalanken jaki su zo, ƙungiya-ƙungiya, har kwana bakwai ana yi. Kowace ta shiga ta sa albarka, ta ce Allah ya sanya alheri, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, ta ajiye ɗan abin da ta riƙo, a ba ta shayi ko jabana da cincin, ta fito jikinta na ƙamshin bakhur.

Ni namiji ne, iyakata zaure. Abin da na sani na cikin ɗaki daga bakin iyayena mata na ji shi, da abokan aikina malamai mata, da kuma rajistar aji, domin duk makon da aka yi biki a unguwa layin 'yan mata yakan cika da alamar fashi.

Abin da ake jerawa ya sha sauyi. Waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka zauna a gefen Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, ba su iso da kayan ɗaki ba. Wanda ya yi shekaru yana tafiya a ƙasa ba ya ɗaukar gado. Jeren farko na ƙorai ne da faya-faye da tukwanen ƙasa, sai adudu na ajiye tufafi. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, kuɗi ya fara shiga hannun mata ta hanyar tsinkar auduga a hawashar wasu, da sayar da gyaɗa da dakuwa da ƙosai. Daga nan tasa da langa da fanteka suka kori ƙwarya, kwanon samira mai fure ya zo ya mamaye bango. Daga maƙwabtanmu Larabawa muka ɗauki angarib da jan birish da sahhara, wannan babban akwatin katako da tsofaffi ke kullewa su rataya mabuɗin a wuya. Da 'ya'yanmu suka fara zuwa aiki Saudiyya, sai ga tangaran da gilashi da dulab mai madubi, daga baya firji da talabijin, ko da kuwa ƙauyen wutar lantarki sai an ga dama.

A nan ne namu ya bambanta da na masu jirgi. Shi fasinja ɗakin haya yake nunawa. Ba shi ya zaɓi labulen ba, kuma bayan kwana bakwai zai miƙa mabuɗi ya tafi, wani ya shiga. In an raina ɗakin, kamfani aka raina. Amarya kuwa abin da ke jere a bangonta gumin uwarta ne na shekara goma ko fiye. Tun yarinya tana tallar gyaɗa uwar ke zuba sanduk, watau adashe, tana sayen kwano ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Gwaggo ta kawo nata, ƙawar uwa ta rama bikin da aka yi mata shekarun baya. Saboda haka mai ganin ɗaki tana karanta abubuwa da yawa a bango: yawan dangin yarinya, ƙoƙarin uwarta, da kuma ko tana da waɗanda za su tsaya mata in zaman ya yi tsami.

Kada kuma a ɗauka kwanonin nan ado ne kawai. Su ne bankin mace. Yawancinsu ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, suna nan sababbi. In ciwo ya zo, ko damina ta ƙi, ko aka koro yaro saboda kuɗin makaranta, sai ta zare saiti guda ta ba dillaliya. Mu maza mun daɗe muna yi wa wannan dariya, amma a duba lissafi. A 1992 aka kawo dinari ya maye gurbin jine, a 2007 aka koma wa jine. A tsakiyar shekarun 1990 tsadar kaya ta wuce kashi 100 cikin 100 a shekara, a 2021 kuwa ta haura kashi 300. Wanda ya ɓoye takardar kuɗi a cikin katifa ya tashi da takarda. Wadda ta sayi kwano da ɗan kunnen zinariya ta tashi da abin sayarwa. Ganin ɗaki ma yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, domin shaida ce. Mata hamsin sun ga abin da yarinya ta shigo da shi, don haka ranar da aka rabu ko aka zo rabon gado ba mai cewa dulab ɗin na miji ne.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce ido ya sauya. Da ana shiga a sa albarka, yanzu ana shiga a ƙirga. Wasu har ɗaga zanen gado suke yi su ga irin katifar, su ƙwanƙwasa dulab su ji ko katako ne na gaske. Kafin su kai bakin hanya an yanke hukunci, kuma hukuncin zai bi yarinyar har rijiya da gidan suna. Tun da wayar hannu ta shigo, ɗakin da aka jera a Damazin da safe kafin azahar an gan shi a Jidda da Kano. Tsoron wannan ido shi ya haifi aron kaya, inda ake cika ɗaki da kayan maƙwabta a mayar bayan sati biyu, kowa ya sani kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Shi ya sa uba ke sayar da dawa tun tana gona, ko ya jinginar da 'yar jarufarsa ta bakin kogi. Mu kuma Hausawan Sudan kaya biyu muka ɗauka: ba mu bar lefe da gara na gida ba, muka ƙara da shaila da fatur al-aris na maƙwabta. Ga shi a kowace unguwa akwai 'yan matan da aka sa wa rana aka ɗaga, aka sake ɗagawa, ba don an rasa miji ba sai don ɗaki bai cika ba.

Abin mamaki, ba shari'a ce ta ɗora wa iyaye wannan nauyi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka nema ga mace shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa, bisa al'adar wurin. Dokar zamantakewar iyali ta Musulmi da aka kafa a Sudan a 1991 ma cewa ta yi miji ne ke da alhakin tanadar kayan gida, kuma duk abin da matar ta kawo mallakarta ne. Can gida Nijeriya abin ya kai har hukuma ta sa hannu. Tun 2012 gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun hukumar Hisba, kuma a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura aure 1,800 a lokaci guda. Me gwamnati ta bayar? Sadaki, da gado, da katifa, da sauran kayan ɗaki. Watau ita ma ta gane inda gizo ke saƙa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya zo ya sauya maganar gaba ɗaya. Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara, Sinja a ƙarshen Yuni na 2024. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma a Janairu 2025. A tsakanin nan an shiga gidaje an kwashe, kuma ɗakunan mata ne suka fi jin jiki, domin can zinariya take, can kayan da ake iya ɗauka suke. Matan da suka gudu Gadarif da Kasala da Bur Sudan sun fita da abin da kai zai iya ɗauka. Da yawa sun dawo sun tarar da bango fayau, sai alamar inda kwanoni suka taɓa zama. Wadda ta yi shekara goma tana tara wa 'yarta kaya ta koma inda kakarta ta fara, a kan ƙwarya da tabarma.

Ba na cikin masu cewa a soke ganin ɗaki. Yarinyar da aka kai baƙon ƙauye, a wannan mako ne take sanin wace ce maƙwabciya, wace ce ungozoma, ƙofar wa za ta buga in dare ya yi mata tsawo. Abin da nake gani shi ne kowace unguwa matanta su zauna, tare da masu sanduk da gwanayen jere, su tsayar da iyaka: gado ɗaya, dulab ɗaya, kwanoni kaza, kuma kada a ɗauki hoto sai da izinin mai ɗaki. Liman ya faɗa a masallaci don maza su ji, amma in dokar ba daga bakin mata ta fito ba ko kwana uku ba za ta yi ba. Sa'an nan masu zuwa gani, maimakon su shiga da ido kawai, kowace ta riƙo kofi ɗaya ko faranti ɗaya, yadda ake yi wa wanda gobara ta ci.

Akwai kuma wani aiki da nake roƙon ɗalibanmu na sakandare su yi kafin lokaci ya ƙure. Kowa ya zauna da kakarsa ya tambaye ta abin da aka jera mata ranar da ta tare, da sunan kowane kwano, da kasuwar da aka sayo shi, da wadda ta yi mata jeren. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a aiko wa wannan shafi.