Shekarar da Yaran Amurka Suka Yi a Gida: Wa Jinkirin Ya Amfana?

A Amurka yaro kan shiga ajin share fagen firamare, irin wanda muke kira rabin aji, yana ɗan shekara biyar. Da aka buɗe sabuwar shekarar karatu a Agusta da Satumban 2020, 'yan watanni bayan korona ta rufe makarantu, iyaye da yawa suka riƙe 'ya'yansu a gida. Alƙaluman cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar sun nuna ɗaliban makarantun gwamnati sun ragu da kashi 3 cikin 100, amma a wannan aji kaɗai raguwar ta kai kashi 9. Dalilin a fili yake. Aji ne na koyon riƙe fensir, da jiran layi, da haƙura wa wani yaro ya gama da abin wasa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake koya ta gilashin kwamfuta. Ɗan shekara biyar ba ya zama darasin intanet sai da babba a gefensa, shi kuma babban yana da neman abincinsa. Ga shi fiye da rabin jihohin ƙasar ba su wajabta ajin ba, don haka babu hukumar da za ta biyo sawu. Binciken Thomas Dee na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ya gano cewa an fi janye yara a gundumomin da suka koma intanet zalla, alamar cewa irin karatun ne ya kori iyaye, ba tsoron cuta kaɗai ba.

Jinkirta yaro shekara guda tsohuwar ɗabi'a ce a can. Nazarin Daphna Bassok da Sean Reardon na 2013 ya sa yawan yaran da ake yi wa haka tsakanin kashi 4 da 5.5 cikin 100, akasari maza, farar fata, 'ya'yan masu hali. Irin wannan yaro ba zaman banza yake yi ba, makarantar reno ta kuɗi ake mayar da shi ya ƙara shekara. Annobar ta juya lissafin: nazarin da jaridar New York Times ta yi tare da Stanford a 2021 ya nuna raguwar ta fi tsanani a unguwannin talakawa. Nan ne gizo ke saƙar. Kalmar jinkiri ɗaya ce, amma tana rufe abubuwa biyu mabambanta. Mai hali ya haɗu da maƙwabta sun ɗauki malami ya koyar da yara biyar ko shida a falo, ko ya kai ɗansa makarantar kuɗi da ta buɗe ƙofa. Ɗan mai aikin kanti ko share asibiti ya wuni gaban talabijin wajen kaka. Saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne inda yaron ya kwashe shekarar.

Masu goyon bayan jinkiri suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Shi Dee ɗin, tare da Hans Henrik Sievertsen, ya nuna cewa a Danmak yaran da suka shiga makaranta a makare sun fi natsuwa da mayar da hankali suna shekara bakwai. Sai dai yaron Danmak yana yin shekarar jiran ne a gidan reno mai inganci da hukuma ke tallafawa, cikin tsaransa, abin da korona ta hana. Bayan haka, wasu nazarce-nazarcen sun nuna fifikon da babban yaro ke samu a jarrabawa yana raguwa yayin da aji ke gaba, kuma wani bincike a Norwe ya gano cewa wanda ya fara a makare yakan ɗan yi baya a abin da yake samu har wajen shekara 30, tunda ya makara shiga aiki. Kada kuma a manta, kowane aji dole a sami ƙarami a cikinsa. Wanda ya riƙe ɗansa don ya zama babba, ɗan wani ya mayar auta.

Hujjar lafiya ta fi nauyi. Ba a amince da rigakafin yara 'yan shekara 5 zuwa 11 ba sai ƙarshen 2021, kuma gidan da tsoho ko mai ciwon suga ke kwana yana da dalilin taka-tsantsan. Ba a ga laifin irin waɗannan iyaye. Laifin na hukumomin da suka ajiye musu zaɓi biyu kacal ne, kwamfuta ko komai babu, alhali ƙananan yara su ne suka fi cancanta a fara buɗe wa azuzuwa, 'yan kaɗan-kaɗan, ko da manya za su ci gaba da zama a gida.

Sakamakon ya bayyana a 2021. Wasu yaran suka shiga rabin aji suna shekara shida, wasu aka tsallakar da su zuwa aji ɗaya ba su taɓa zama a benci ba, malama guda ta haɗa mai karanta jimla da wanda bai san baƙi ko ɗaya ba. Makarantun kuma, da yake yawan ɗalibai ne ma'aunin kuɗin da ake ba su, waɗanda aka fi gudu su ne suka fi shiga barazanar rasa kuɗin gyara. A Kalifoniya majalisa ta zartar da ƙudurin dokar wajabta rabin aji a 2022, Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, ya ce kuɗin ya yi yawa.