Bizar karatu a Birtaniya: kwana 28 ɗin da ke kayar da ɗalibai

Takardar farko da jami'a ke aikowa, wadda ake ta tura wa dangi a WhatsApp ana barka da arziki, ba ita ke kai ɗalibi Birtaniya ba. Abin da hukumar shige da ficen ƙasar ke nema shi ne CAS, wata lamba da jami'a ke bayarwa bayan ka cika sharuɗɗanta, sau da yawa har da biyan wani kaso na kuɗin makaranta. Wa'adinta wata shida ne. Da ita a hannu za ka cike fom ta intanet, kuma ana iya fara nema tun saura wata shida a shiga aji. Amsa kan fito cikin mako uku.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Dole ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da na ci da sha da haya na wata tara. A Janairun 2025 an mai da na zaman fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,136 ga na sauran garuruwa, wato fam 10,224 ke nan a lokacin ga wanda zai je Manchester ko Leeds. Adadin kan ƙaru, don haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a yi lissafi.

Samun kuɗin kaɗai bai isa ba. Sai sun kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun gaza adadin ba ko da na yini guda, kuma ranar ƙarshe a takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka nemi bizar. A ce a kwana na ashirin mahaifinka ya zari wani abu ya biya kuɗin kaya, washegari ya mayar. Lissafi ya koma farko. Jami'in da ke duba takardun bai san Alhaji ba, bai san shagonsa a Kantin Kwari ba; lambobin da ke gabansa kawai yake karantawa.

Asusun ma ba na kowa ake karɓa ba. Na iyaye ko na marikin da doka ta amince da shi yana shiga, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Na kawu ko baffa, duk da a wajenmu uba ne, ba ya shiga. Idan shi zai ɗauki nauyi, ya zuba kuɗin a asusunka tun da wuri. Ga kuma canji: da farashin ranar da ka miƙa buƙata ake juya naira zuwa fam, shi ya sa mai hankali kan ajiye rara, kada naira ta zame ta bar shi a ƙasa.

Akwai kuɗin bizar kanta, akwai harajin lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya zama fam 776 a shekara kuma ana biyan na duk tsawon zaman gaba ɗaya. Mazaunin Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Mai aure ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike irin na dakta, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Wasu kan ce, in na isa zan yi aiki in biya. Awa 20 a mako doka ta yarda lokacin karatu, kuma da wuya wannan ya riƙe haya da ciki, balle kuɗin makaranta. Shi kuwa dillalin da ya ce zai haɗa maka takardar banki, da sunanka za ta shiga, ba da nasa ba. In aka gano ta bogi ce, hanin shiga ƙasar kan kai shekara goma.