Amsoshin Takardunku: Wayoyin da ɗana ke haɗawa, karatu ne ko wasa?

Wani mai sauraronmu, manomin rani a bakin kogin Challawa, ya rubuto yana cewa ɗansa na karatun injiniya a jami'a, amma duk hutu sai ya baje 'yan wayoyi da batura a tsakar gida, wai yana haɗa na'ura mai aika saƙo zuwa wayar salula. Shin karatu ne ko wasa?

To Malam, karatu ne, kada ka hana shi. Abin da yake haɗawa kashi uku ne: ɗan ma'auni mai gane zafi ko laima ko gishirin ruwa, da 'yar kwamfuta da ba ta cika tafin hannu ba, irin Arduino da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005, sai layin waya mai kai labari ta intanet.

Ba a koyon wannan a kan allo kawai. Na'urar da ta yi aiki lafiya a aji, in ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara, nan take sai ta fara ƙarya; wanda bai taɓa kwance ta da hannunsa ba kuwa ba zai gano ciwon ba. Irin wannan giɓi ne ya sa hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, inda ɗalibin injiniya kan yi wata shida a masana'anta, kamar na Sharaɗa da Bompai da Challawa. Jami'ar Bayero ma tana da sashen mekatironik, wato haɗin ilimin inji da lantarki da kwamfuta.

Amfaninsa gare ka fa? Ka fi mu sanin yadda ruwan kamfanonin jima ke gangarowa kogi da gishiri da sinadarai. Ana auna tsamin ruwa da kaifinsa daga 0 zuwa 14, 7 ne tsaka-tsaki. In an kafa ma'auni inda kake jan ruwa, da zarar awon ya kauce saƙo zai shigo maka, ko da tsakar dare ne, ka dakata da tayar da injin ban-ruwa.

Sai dai a yi hattara. Waɗannan ma'aunai masu araha ba sa gano kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi, wanda kan taru a ƙasa har ya shiga ganye. Wannan kam sai an ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta an kai ɗakin gwaji. Ka ce wa yaron ya tambayi malamansa inda za a kai.