Zinariyar Da Ta Makara Da Shekara 12

Ran 30 ga watan Satumba na shekarar 2000, a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, aka yi tseren miƙa sanda na wasannin Olimfik, watau wanda mutum huɗu su ke yi karɓa-karɓa, kowa ya zura mita 400 ya miƙa wa ɗan'uwansa. Samarin Nijeriya da suka shiga su ne Clement Chukwu, da Jude Monye, da Sunday Bada, da autansu Enefiok Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18. Shi autan ne ya karɓi sanda daga ƙarshe, ya dafa wa mutumin Jamaika baya har ya wuce shi dab da layi. Amurkawa suka zo na ɗaya, namu na biyu, aka rataya musu lambar azurfa, suka komo gida ana ta yi musu barka.

Ashe da sauran magana. Cikin shekarar 2008 aka kai wani mai horad da 'yan gudu gaban shari'a a Amurka, aka kira Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin Amurkawan nan huɗu, don ya ba da shaida. Da aka rantsad da shi sai ya faɗa da bakinsa, ya ce tun daga 1997 ya ke amfani da magungunan ƙara ƙarfi waɗanda doka ta hana. Hukumar Olimfik ta ƙwace zinariyar daga hannun Amurka a shekarar nan, amma ba ta tabbatar wa Nijeriya da ita ba sai cikin watan Yuli na 2012. Sunday Bada kuwa, ɗan sandan nan da ya zama zakaran duniya na gudun mita 400 na cikin zaure a 1997, ya riga ya rasu a Ikko tun watan Disamba na 2011. Allah Sarki! Wata bakwai kaɗai ya rage ya ji labarin.

To, wane irin magani ne wannan, har da mutum zai sayad da mutuncinsa dominsa? Ya kamata mu yi wa masu karatu bayani, musamman malaman makaranta waɗanda su ke duba wasannin yara, don mun lura mutane da yawa sun ɗauka ƙwaya ce a ke haɗiyawa ran tsere, mutum ya tashi kamar iska. Akwai irin wannan, amma ba ita ce babbar ba. Yawancin maguɗin a lokacin horo a ke yinsa, watanni kafin ranar.

Ga yadda abin ya ke. Duk sa'ad da mutum ya yi gudu mai tsanani ko ya ɗaga ƙarfe mai nauyi, tsokar jikinsa takan ɗan yayyage, sai ya huta ta warke, ta fi dā ƙarfi. Hutun nan shi ne iyakar da kowane ɗan wasa ya ke tsayawa. Magungunan da a ke kira sitiroyid, waɗanda aka kwaikwayo daga sinadarin mazakuta na jikin ɗa namiji, su kan gajarta hutun. Wanda ya sha ya yi aikin yau, gobe ya tashi garau ya sāke, abokin karawarsa kuwa yana can yana jiyyar gaɓoɓi. Irinsu aka samu a fitsarin Ben Johnson na Kanada a birnin Seul cikin 1988, bayan ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, aka karɓe zinariyarsa cikin kwana uku.

Wanda Pettigrew ya yi amfani da shi kuwa, ban da sinadarin girma, sunansa EPO. Asalinsa ƙoda ce ke yinsa, shi ke umurtar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ga tsoka. Masana sun sarrafa shi ne don taimakon masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci, magani ne mai albarka ƙwarai a hannun likita. Amma in lafiyayye ya yi allurarsa jini ya kan yi kauri, zuciya ta riƙa tura shi da ƙyar, har ya iya daskarewa cikin jijiya. Abin mamaki, a wasannin Sidni ɗin nan aka fara awon EPO a Olimfik, duk da haka mutumin ya sulale.

Mun san akwai masu cewa, tun da an kasa hanawa, me zai hana a ƙyale kowa ya sha a ƙarƙashin kulawar likita? Maganar tana da daɗin ji, amma an riga an gwada ta. A tsohuwar Jamus ta Gabas, daga wajen 1974 har zuwa rushewar mulkinta a 1989, gwamnati da likitocinta su ne suka riƙa ba dubban 'yan wasa wata ƙwaya mai suna Oral-Turinabol, har da 'yan mata ƙanana waɗanda aka ce musu maganin gina jiki ne. Lambobin kam sun samu. Daga baya sai ga ciwon hanta, da ciwon zuciya, da mata masu muryar maza, har aka gurfanad da manyan shirin gaban alƙali a Balin cikin shekarar 2000. Likitan da albashinsa ya rataya ga cin tsere, ba lafiyar yaro zai fara dubawa ba. Ban da wannan kuma, in an halatta wa ɗaya, an tilasta wa saura ke nan, don wanda ya ƙi sha sai dai ya koma ɗan kallo.

Masu ɓoye gajiya kuma nasu haɗarin a fili ya ke. Ran 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson, wani Baturen Ingila ɗan shekara 29, ya faɗi daga kan kekensa yana hawan dutsen Bantu a babban tseren keke na Faransa, cikin tsananin rana, bai ƙara tashi ba. Aka sami ƙwayar amfetamin a jikinsa da aljihunsa. Gajiya ɗan saƙo ce daga jiki, ƙwayar ta toshe masa kunne bai ji saƙon ba. A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, don ƙwayar taramol, wadda ba sai mun gaya wa kowa yadda ta yi katutu cikin samarinmu ba, ita ma ɗauke jin ciwo ta ke yi. Hukumar duniya mai yaƙi da wannan maguɗi, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta haramta ta a lokacin gasa tun daga ran 1 ga Janairu, 2024.

Kada kuwa mu ga kamar kullum mu a ke cuta. Cikin 2021 a Tokiyo aka dakatad da Blessing Okagbare bayan ta yi zagayen farko na mita 100, sabo da an sami sinadarin girma a jininta. Hukuncin da aka yanke mata ya kai shekara 11.

Malamin da ke da yaro mai ƙafa, wanda a ke sa ran zai kai gasar ƙasa, ya kamata ya san ƙa'ida guda tun da wuri. Duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi a ke tuhuma, ko da wani ne ya ba shi, ko da bai san abin da ke ciki ba. In yana da ciwo na gaskiya, kamar asma, wanda maganinsa ke cikin jerin haramtattu, akwai takardar izni da likita zai cika a nema masa tun kafin gasa. Fitsari da jinin da aka ɗiba a Olimfik kuma ba zubarwa a ke yi ba, a kan adana su har shekara 10, a sāke aunawa in an sami sabuwar dabara. Waɗanda aka ɗiba a Faris cikin 2024 suna nan a ajiye har 2034.